Shekarar da Didam Ya Lashi Ƙasa

Da Kirsimetin da ya wuce, Yakubu, ka zauna a kan tabarmata kana shan kunun acca, ka ce mini ka sami lauya a Kaduna wanda zai karɓo muku gonar bakin rafi. Ka ce wani dattijo ya gaya maka a wurin makoki wai ubanku tsoro ya ji, shi ya sa ya ƙi rantsuwa, don ya san gonar ba tasa ba ce. Ban amsa maka ba a ranar, saboda matarka tana wurin, ni kuwa idan raina ya ɓaci bakina ba ya tsayawa inda na ce ya tsaya. To ga amsar yanzu. Ku karanta dukanku, har ke Hannatu da kike cewa ba ruwanki da zancen ƙauye, alhali idan an kawo citta daga can ke ce ta farkon ɗiba.

An kai ni gidan ubanku Bitrus, a ƙauyenmu da ke bayan Fadan Kaje, shekaru kaɗan kafin Bature ya tafi. Gida ne na mutum uku kafin a haife ka: shi, da ni, da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya. Bitrus yana cikin samarin farko da suka karɓi baftisma a ƙauyen. Iya kuwa ba ta taɓa taka ƙofar coci ba, tana cewa ta tsufa da koyon sababbin waƙoƙi. Abin da gidan ya dogara da shi gona ɗaya ce, ta bakin rafi, baƙar ƙasa mai laima, da babbar ɗorawa a tsakiyarta. Muna da wata a kan tudu, amma wannan duwatsu ta fi haifa. A bakin rafi muke shuka dawa da gwaza, a nan kuma Bitrus ya fara citta, wadda 'yan kasuwa ke saye su loda a jirgin ƙasa. A wurinmu mai ƙasa shi ke cire ɗorawa. Ana iya ba mutum aron gona ya yi ta noma har ya tsufa, amma ba zai ɗora hannu a kan itacen ba. Tun ran da na zo gidan mu muke cire ta, Iya kuma ta ce haka yake tun tana amarya.

Didam ɗan wan mahaifin Bitrus ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ce na faɗa muku haka. Amma yana da iyali da yawa, gonakinsa sun gaji, ya kuma ga abin da citta ke yi. Da bazarar shekarar da nake goyonka, Yakubu, ya tashi ya ce gonar bakin rafi ta ubansa ce, aro aka ba uban Bitrus, yanzu yana son kayansa. Da a zamanin da ne, dattawan dangi za su zauna a gindin itace da tulun giya su raba gardamar kafin rana ta faɗi. To dattawan ba su huce da Bitrus ba tun da ya daina zuwa wurin tsafin dangi, shi ma ya ce ba zai zauna inda za a fara da zuba wa kakanni giya ba. Sai magana ta tafi kotu.

Ku da kuka tashi kuka ga alƙali da gashin doki a ka, da lauyoyi suna turanci, ba za ku gane kotun wancan lokaci ba. Kotuna iri-iri ne, kowa da ƙofarsa. Musulmi yana zuwa wurin alƙali mai littattafai. Bature da ma'aikatan reluwe suna da tasu a Kafanchan. Mu kuwa aka yi mana kotun gargajiya, zaure mai rufin ciyawa inda dagatai ke zama a kan benci, babbansu a tsakiya, malamin kotu a gefe yana rubutu da Hausa, ɗan doka a bakin ƙofa da kulki. An ce su yi mana shari'a bisa al'adarmu. Sai dai wanda ya tsara abin bai yi tunanin za a sami mutum irin ubanku ba, wanda ba Musulmi ba ne, ba kuma ya bin tsafi. Ba shi da ƙofa, sai ya shiga ta wadda aka nuna masa.

Na je ranar shari'ar, kana goye a bayana. Bitrus ya yi bayanin ɗorawa. Ya kawo shaida, Buba, wani Bafulatani da ke sauke shanunsa a gonar kowane rani don su bar mana taki, mu kuma mu ba shi dawa. Buba ya tsaya da sandarsa a kafaɗa ya ce shi tun yana saurayi wurin gidan Bitrus yake neman izinin sauka, bai taɓa tambayar wani ba. Didam ma ya kawo nasa tsofaffi biyu, suka ce sun ji zancen aron daga bakin ubansa. Dagatai suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Babbansu ya ɗaga murya, da irin Hausarsu ta tsofaffinmu.

"Wannan ya ce gona na shi ne, wannan ya ce na shi ne. Mu ba mu nan lokacin da an sare daji. Ƙasa ne yana nan. Sai ku je ƙasa ya raba ku."

Kowa a zauren ya san abin da ake nufi. Za a je gonar, mai tsafi zai ɗebi ƙasa daga gindin ɗorawa, ya jiƙa, ya kira sunayen kakanni, mai rantsuwa ya lasa. Daga ranar har a shigar da dawa rumbu ana zuba wa gidansa ido. Idan wani ya mutu a gidan, babba ko yaro, ƙasa ta kama shi, gona ta koma ga abokin shari'arsa. Idan an yi girbi kowa yana da rai, gona tasa ce har abada, ba mai sake tayar da maganar. Da yake gonar tana hannun Bitrus, shi aka fara ba dama. Da ya lasa, Didam sai dai ya koma gida ya jira.

"Ranka ya daɗe," in ji Bitrus, "ni mai bi ne. A kawo littafin addininmu in ɗora hannu, in rantse da sunan Allah. Amma ba zan kira kakanni in lashi ƙasa ba."

Malamin kotu ya ajiye alƙalaminsa ya ce su ba a ba su wannan a cikin dokarsu ba. Babban dagaci ya dubi Bitrus da tausayi, don ya san ubansa, ya ce ya tafi gida ya yi shawara, ya dawo ran kasuwa.

Ban taɓa ganin Iya ta durƙusa wa mutum ba sai a kwanakin nan. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta ture faifai ta zube a gaban ɗanta.

"Ɗana, da wannan idon na ga ubanka yana sare dajin nan. Gaskiya za ka rantse a kai. Ƙasa ba ta cin mai gaskiya. Ka lasa, ka je cocinku ka wanke baki, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Iya."

"To ka dubi matarka da ɗanka. Duwatsun tudu za su ci?"

Ni ma na sa baki, ban ɓoye muku ba. Baftisma ɗaya aka yi mana da shi, amma ni ce mai sa tukunya a wuta. Na ce masa Ubangiji ya san zuciya, ba harshe yake dubawa ba. Ya bar mu muka gama, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Haka ubanku yake, ba ya musu, ba ya kuma juyawa. Kai Yakubu ka gaji rabin halin, ka bar masa rabin rashin musun.

Ran kasuwa ya koma ya ce yana nan a kan bakansa. Sai aka juya rantsuwar ga Didam. Aka ɗunguma zuwa bakin rafi da hantsi, dagatai da ɗan doka da rabin ƙauye. Ina tsaye kusa sa'ad da mai tsafi ya miƙa wa Didam ƙasar a kan ganye. Ya dubi matarsa Zigwai da 'ya'yansa da ke jere a gefe, ya rufe ido ya lasa. Har yau ban san ko ya yarda da abin da ya rantse a kai ba. Mai yiwuwa ubansa ya faɗa masa haka da gaske. Daga ranar gonar ta koma hannunsa kafin a ga abin da ƙasa za ta ce, har da cittar da Bitrus ya riga ya binne. Da Bature ya zo rangadi Bitrus ya bi layi a bariki ya kai kuka. Baturen ya saurara ta bakin tafinta, ya ce maganar ƙasa ta al'ada ce, kotu kuma ta bi al'ada, shi ba ya sa hannu.

Wannan damina ita ce mafi muni a rayuwata, ba don yunwa kaɗai ba. Ku yi tunanin zama katanga ɗaya da mutane, kun san ba za ku sami abincinku ba sai wani a cikinsu ya mutu. Idan yaro ya yi tari a gidan Didam, Iya takan dakatar da daka ta kasa kunne. Mata a rafi su ja ni gefe su ce, "An ce tsohuwar gidansu ba ta jin daɗi, ki yi haƙuri, saura kaɗan." Zigwai, wadda ta riƙe ni ran da na haife ka, ta daina bin ta ƙofarmu. In ta hango ni sai ta tattara 'ya'yanta kamar kaza ta ga shaho. Bitrus ya hana a ambaci sunan gidan a gabansa, sai a addu'ar safe, inda yake jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya yana roƙa musu lafiya. Iya takan yi tsaki daga ɗakinta. Ni kuma in zan ce amin, muryata ba ta fita da ƙarfi.

Dawa ta fara ja, saura kaɗan a yi girbi, sai abin ya faru. Da rana tsaka ina tsinkar yakuwa a bayan gida na ji ihu daga bakin rafi. Kuyet ce, 'yar autar Didam, yarinyar da ba ta ko fara famfara ba. Ta bi uwarta gonar, ta zauna a gindin ɗorawa tana wasa, kububuwa ta sare ta a ƙafa. Kafin a kawo ta gida ƙafar ta kumbura, jini ya fara fita ta dasashinta. Aka shimfiɗe ta a ƙofar gida, ƙauye ya taru, aka yi da'ira, amma ba wanda ya matsa. Akwai mai maganin maciji a ƙauyen, gwani ne, ya zo da jakarsa, da ya ji a inda aka sare ta sai ya juya. A al'ada, wanda rantsuwa ta kama ba a yi masa magani, wanda ya sa hannu abin zai koma kansa da gidansa. Didam yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Shi kansa bai isa ya nema mata taimako ba, don yin haka kamar ya amsa ƙarya ya rantse. Zigwai kaɗai ce ke rungume da yarinyar, tana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Wani tsoho ya matso kusa da Iya ya ce a hankali, amma na ji, "Ƙasa ta yi magana. Ku shirya lauje."

Bitrus ya sauko daga gonar tudu da gudu. Ya ratsa mutane ya durƙusa, ya dubi ƙafar, ya dubi bakin yarinyar. Ya miƙe ya tafi gidan mai bisharar cocinmu ya turo kekensa. Sannan ya zo wurina, ina tsaye a ƙofarmu, kana barci a bayana.

"Rahila, sauke yaron ki ba ni zanen goyo."

Na gane abin da zai yi. Na kuma gane abin da za mu rasa, a take, ba sai an yi mini bayani ba. Iya ta riƙe hannun keken tana cewa ba mu muka aiko macijin ba, ba mu muka sa Didam ya lasa ba, ya bar abin da ba nasa ba. Ni kuwa hannuna yana kan ƙullin zanen, ya ƙi motsi.

"Rahila," ya sake cewa, "Kafanchan da nisa."

Na ɗaga ido sai na haɗu da na Zigwai. Na kwance zanen, na miƙa ka ga Iya, ni da kaina na ɗaure masa yarinyar a baya, don namiji bai iya ɗaurin goyo ba. Jikinta ya yi sanyi, kanta yana lilo. Ba wanda ya tare shi, ba kuma wanda ya taya shi. Ya hau keke ya bi hanyar da ke gefen layin dogo, Zigwai ta bi bayansa a ƙasa ba ko mayafi.

A asibitin Kafanchan suna da allurar maciji, aka yi mata. Ta yi makonni a kwance, ƙafar ta ruɓe ta wani gefe, likita ya yanke yatsu biyu. Bitrus ya sayar da akuyar da aka ba ni ta aure. Da aka sallame ta sai wata sabuwa ta taso: dangin Didam suka ce yarinyar da ƙasa ta taɓa ba za ta shiga gidan ba sai wa'adi ya cika, kada abin ya bi ta ya kama wani. Ina za a kai ta? Gidanmu aka kawo ta. Ni na riƙa wanke mata ciwon da ruwan gishiri, ni na riƙa dama mata kunu da 'yar dawar tudun da ba ta ishe mu ba. Iya ta yi kwanaki ba ta dube ta ba, sai wata rana na dawo daga rafi na same ta tana yi mata kitso tana zaginta wai kanta kamar sheƙar tsuntsu. Zigwai takan zo ta bayan katanga ta miƙo ƙwai, in karɓa, ta juya.

Aka shigar da dawa rumbu, kotu ta kira mu. A ƙa'ida mai rantsuwa zai kawo mutanen gidansa duka a gan su da ido, kada a ɓoye gawa. Didam ya jera nasa a gaban zaure, ya tsaya yana kallon ƙasa. Babban dagaci ya bi su da kallo ya ce:

"Ina yarinya da an ce maciji ya sare shi? In ba ya nan, shari'a ya ƙare, gona na Bitrus ne."

Mun makara ranar, don Kuyet ba ta iya taka ƙafar ba tukuna, ta kuma ƙi yarda kowa ya ɗauke ta sai Bitrus. Muna isowa muka ji wannan maganar daga bakin ƙofa. Ɗan doka ya dube mu, ya dubi yarinyar, ya yi kamar bai gan mu ba, ina jin dama ya ba mu mu juya da ita. Bitrus ya sunkuya don kada kanta ya bugi ƙofar zauren, ya shiga da ita a wuyansa, tana riƙe da kunnuwansa. Ya sauke ta a gaban dagatai, ya gyara mata tsumman ƙafa.

"Ga ta nan, ranka ya daɗe. Tana da rai."

Babban dagaci ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce ƙasa ba ta kama Didam ba, gona tasa ce da shi da 'ya'yansa. Ba shi da abin da zai faɗa da ya wuce haka, dokar da aka ba shi ke nan.

A hanyar gida na fashe. Na faɗa wa ubanku maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bar ni na gama, kamar kullum, sannan ya ce:

"Da na zauna ranar da maciji ya sare ta, Rahila, da yanzu gonar tana hannunmu. Amma ki gaya mini, a wane gefenta za ki iya sa fartanya?"

Ban daina fushi ba sai bayan shekaru. Gonar tudu ba ta riƙe mu ba. Shi ya sa muka koma Kafanchan, ubanku ya shiga lebura a reluwe yana kwasar gawayi, ƙurar da ta zauna masa a ƙirji har ta kai shi kabari tun bai yi furfura sosai ba. Shi ya sa kuka tashi a ɗaki ɗaya a bayan tasha, kuna kwana kamar kifi a kwando. Iya ta mutu a garin da ba nata ba, tana tambayar ko an cire ɗorawa. Ba zan ce muku abin bai yi tsada ba, ni na san abin da ya ci mana. Didam bai taɓa cewa ya gode ba, bai kuma mayar da gonar ba. Ran jana'izar ubanku ya zo, ya karɓi shebur daga hannun samari, ya yi ta haƙa shi kaɗai har aka janye shi.

Kuyet kun san ta. Ita ce Mama Saratu mai ɗingishi, sunanta na baftisma ke nan, wadda ke zuwa kowace kaka da ƙullin citta da daddawa, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata ko na ba ta kujera. Didam bai bar ɗa namiji a ƙauye ba, 'ya'yanta ne ke noma bakin rafi yanzu, babbansu kuma sunansa Bitrus. Su ne lauyanka zai aika wa sammaci.

Ban hana ka ba, Yakubu. Na ji an ce kotunan yanzu ba sa sa mutum lasar ƙasa, mai yiwuwa ma ka yi nasara, don gaskiya gonar ta kakanka ce. Amma kada ka sake barin wani ya ce a gabanka ubanka tsoro ya ji. Idan kuma ka tashi zuwa kotun, ka biyo ta nan tukuna. Zanen da na sauke ka daga cikinsa ranar yana ƙasan akwatina, jinin bai taɓa fita ba. Ka ɗauka ka kai wa lauyan tare da sauran shaidunka.